Ɗan mutumin tagulla da na ɓoye a kwallar amarya

Assalamu alaikum Hajiya mai wannan shafi, da ku duka masu karatu. Ina gaishe ku daga Parakou. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Roƙona ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Ni uwa ce, ban saba faɗa ba, a unguwarmu ni ake kira idan ana son mai ba da haƙuri. Abin da ke ba ni tsoro shi ne na aikata abin kunya, kuma har yanzu zuciyata ba ta yi nadamar da ta kamata ba.

Abin ya faro ne a bazarar da iyakarmu da Nijar take rufe. Zafi ya yi zafi, ruwan farko ya ƙi sauka, manyan motoci suna jere a bakin hanya rana na dukansu, maza suna zaune gindin mangwaro ba aiki. Shekara ce da kowa ke jin haushin kowa ba tare da ya san dalili ba. Mijina direban kamiyo ne, wato babbar mota, ga zama ba lodi, ga shi ya yi hatsari ya karye a hannun hagu, ɗorin bai kama da kyau ba. Ni ce nake riƙe da gidan da kokon da ƙosan da nake sayarwa a unguwarmu, Albarika. Abu ɗaya ke sanyaya mini rai a lokacin: an yi wa 'yata ta fari, Hadiza, baiko da wani yaron kirki ɗan Zongo, har an sa rana bayan babbar salla.

Ina da wani tsohon gwangwani da surukata, Inna, ta ba ni kafin ta rasu. Ni na yi jinyarta har ƙarshe, ni ke juya ta, ni ke wanke ta. Wata rana ta ce in ɗauko gwangwanin a ƙarƙashin gadonta in ajiye, kayan mutanen da ne, na fataucin kakanni. A ciki akwai tsakiya, duwatsun wuyan nan na mata, da tandun kwalli, da wani ɗan mutum-mutumi da bai fi babban yatsa ba. Baƙi-baƙi ne, mai nauyi, mutum ne a tsaye da kaya a ka da lofe a baki. Hannunsa ɗaya guntule ne, kuma an naɗa masa wata siririyar jar waya a wuya. Ban tambayi Inna ko mene ne ba. Wa ke tsare mai jinya da tambaya? Na sa shi ƙasan akwati na manta.

Yayar mijina, da zan kira Yaya Rabi, tana zaune a unguwar Ganou, ita ce babba a dangi, maganarta ce doka. Ta zo da wasu mata duba kayan ɗakin Hadiza, ta ce ai tsakiyar Inna tana wurina, a fito da ita a sa wa amarya. Ina can ina zuba musu ruwa ta buɗe akwatina da kanta. Na shigo na tarar ta riƙe abin da bakin mayafinta, kamar mai riƙe da kunama.

"Ku zo ku ga abin da ya karya hannun ƙanena," in ji ta. "Ga hannun, ga kuma inda aka ɗaure masa wuya. Shi ya sa ba ya iya ko tari a gidan nan sai da izininta."

Na ce mata Yaya, na Inna ne, ita ta ba ni. Ta dube ni ta ce ban ji kunyar yi wa mamaciya ƙarya ba, a gidansu ba a taɓa ajiye gunki ba, su jikokin malamai da alhazai ne. Ta jefar da shi a tabarma, matan suka janye ƙafafunsu. Kafin magariba labari ya kai Zongo, kafin juma'a ya zama gumaka uku da tukunyar jini. Kun san bakin mutane.

Mijina, da na zaci zai tsaya mini, ya sunkuyar da kai ya ce ni ma me ya sa na ajiye irin wannan abu. Na lura daga ranar ya daina miƙo mini hannun nan in shafa masa magani. Masu sayen koko suka ragu, wata maƙwabciya ta aiko a karɓo mata kwanonta da ya shekara a wurina. Duk wannan na shanye. Wanda ban iya shanyewa ba shi ne ranar da dattawan gidan saurayin Hadiza suka zo, suka yi gaisuwa mai tsawo, suka ce a ɗan dakata tukuna. Ba su ce sun fasa ba, amma kafin kaka yaron ya auri wata. Hadiza ba ta yi kuka a gabana ba. Ta daina zuwa shagon da take koyon ɗinki, domin sauran 'yan mata ba sa barin ta taɓa almakashinsu. Ta rame, ta koma zama a ɗaki tana warware ɗinkin da ta yi tana sakewa. Me yarinyar nan ta yi? Wa ta taɓa cuta?

Na so in jefa abin a rijiya. Sai na ga in na jefar, na yarda ke nan da abin da aka ce. Na tuna Inna 'yar Djougou ce, can asalin gidan mijina yake kafin kakansu ya sauko Parakou. Bayan damina na ce wa mijina zan je gaida wata 'yar uwata, na ƙulle abin a bakin zanena na hau mota.

A Djougou aka nuna mini wani tsohon maƙerin fari, irin masu zuba tagulla, yana zaune a rumfarsa yana gyaran munduwa. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya kwance zanen, ina jiran ya yi a'uziyya kamar kowa. Sai na ga ya yi murmushi, ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun mahaifinsa yana da rai. Ya auna shi a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa shi a maƙera ya saurari ƙarar, ya yanka lemun tsami ya haɗa da toka ya goge ƙarƙashin ƙafar abin. Wurin ya fito rawaya yana sheƙi. Ya ce tagulla ce zalla, ba baƙin ƙarfe ba, ba dalma ba, baƙin nan da nake gani daɗewa ce da gumin hannu. Ya nuna mini wani ɗan tudu a ƙasan ƙafar, ya ce ta nan aka zuba narkakkiyar tagulla. Wai da kakin zuma ake fara gina siffar, a lulluɓe da yumɓu, a gasa, kakin ya tsiyaye, tagulla ta maye gurbinsa, sannan a fasa yumɓun. Shi ya sa ba a taɓa samun biyu iri ɗaya.

Na tambaye shi shekarunsa nawa. Ya yi dariya ya ce duk wanda ya faɗa mini shekara ƙarya yake yi. Amma ya ce in shafa kan da kafaɗun. Na shafa, sumul kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Ya ce masu yin na jabu don 'yan yawon buɗe ido suna binne sabo a ƙasa ko su jiƙa shi a ruwan batir, ya fito da tsatsa ko'ina, amma gefensa da kaifi. Wannan kuwa ya suɗe ne daidai inda yatsa biyu ke ɗaukarsa, kuma hannu ɗaya ba ya suɗe tagulla haka, sai an gada an sake gada. Ya ce ya girmi kakata, ya girmi zuwan kuɗin Nasara, domin tun da kuɗin Nasara suka shigo aka daina amfani da irinsa.

Na ce amfani da shi a me, Baba? Bauta?

"Wace bauta, 'yata? Ma'auni ne. Da shi ake auna garin zinariya. Aikin Tonawa ne, mutanen Kumasi, fatakenmu suka riƙa zuwa da su ta hanyar Gwanja tare da goro."

Ya ce kowane falke yana da jakarsa ta awo, a sa wannan a gefe ɗaya na sikeli, a zuba zinariya a ɗayan. Hannun da aka ce na karya, ya nuna mini sawun zarto a wurin, ya ce yanke shi aka yi da gangan saboda ya yi nauyi fiye da kima. Da aka rage ya zarce, sai aka naɗa jar waya a wuya don awon ya dawo daidai. Wannan shi ne ɗaurin da aka ce na yi wa mijina. Hajiya, a rumfar nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun farkon abin. Gyaran awo. Gyaran awon wani mutum da ya mutu tun ba a haifi uwata ba, shi ya raba 'yata da aurenta.

Da a nan na tsaya na koma gida, da yau ban rubuto muku ba. Amma maƙerin ya tambaye ni wane gida ne namu, da na faɗa sai ya ce ai ƙanen kakan mijina ya bar ɗa, Baba Sidi, yana nan da rai a tsohon gidan, in je in gaishe shi. Na same shi a zaure, tsoho tukuf, idonsa ya yi rauni amma hankalinsa garau. Na sa masa abin a hannu. Ya shafa, ya shafa, sai ya ce, "Ɗan Tonawa. Ashe yana nan." Ya sa aka ɗauko masa wata jakar fata da ta bushe ta yi tauri. A ciki ga ɗan sikeli, ga ƙaramin cokalin tagulla, ga ma'aunai masu kusurwa huɗu da zane-zane, wasunsu da irin jar wayar nan sak. Ya ce na kakansu ne madugu, kuma wannan mai siffar mutum shi kaɗai ne ya bar jakar. Na tambaye shi yadda aka yi ya bar ta. Ya ce ai Rabi ce. Tana yarinya, in an kawo ta Djougou, ba ta da abin wasa sai shi, ita ta raɗa masa Ɗan Tonawa, tana goya shi da tsumma. Ranar da za su koma ta yi ta birgima a tsakar gida sai an ba ta, uwarta ta roƙa aka bar mata. Yana ba ni labarin yana dariya, yana tambayar ko Rabi tana nan da rigimarta.

Na ce tana nan, Baba. Kafin in fito na karɓi lambar wayar jikansa.

Ban san yadda na kai tasha ba. Duk hanyar Parakou magana ɗaya ke juyawa a kaina: ta sani. Ta san shi, ta goya shi a bayanta, ta riƙe shi da bakin mayafi a gaban mata kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Na yi ƙoƙarin yi mata uzuri, na ce yarinya ce a lokacin, wataƙila ta manta. Amma wa ke manta abin da ya raɗa wa suna? Ni har yau ina tuna 'yar tsanar karan da na yi wasa da ita. Abin da na gane shi ne ba ta taɓa yafe wa Inna ba da ta ba ni gwangwanin nan ta tsallake ta, kuma da ba ta iya faɗa da kabari ba, sai ta huce a kan 'yata.

Ga laifina na farko: na dawo ban faɗa wa kowa ba. Ko mijina, ko Hadiza. Ina da gaskiya a hannuna, ina da shaidu biyu masu rai, amma na yi shiru. Na ce a raina, in na faɗa me zai faru? Yaya Rabi za ta ce au, haka ne, Allah ya kyauta, a ce a yi haƙuri, a ce ni ce ƙarama in je in gaishe ta. Shi ke nan? Wa zai dawo wa Hadiza da watannin da ta yi a ɗaki? Na gaji da zama wadda ake ba haƙuri. Ina so ta ɗanɗana. Ina so ta tsaya a tsakiyar mata tana rantsuwa, kowa yana janye ƙafarsa.

Sai ga auren 'yarta Balkisa ya taso. Za a kai ta wani gida mai tsananin addini, irin gidan da ko hoto ba sa rataye wa a bango. Yaya Rabi ta aiko in zo aikin biki, domin hannu ake nema, amma saƙon ya zo da sharaɗi: wanke-wanke da goge kaya, kada in kusanci tukunyar abinci. Na ce to. Kullum amsata ke nan, to. A nan wurinmu, ranar jere, bayan an shirya ɗakin amarya, uwar ango da danginta mata sukan shigo su buɗe kowace kwalla da kowane samiru, su duba, su sa albarka, wata ta jefa goro a ciki. Ba a tsallake ko ɗaya. Na san wannan sarai, na yi jere ya fi a ƙirga.

Shekaranjiya da rana aka bar ni a ɗakin kaya ina goge kwalloli ina naɗe su. Akwai wata babba mai furanni ja, ta Inna ce tun aurenta, Yaya Rabi ta ce ita za a ɗora a sama kowa ya gani. Na kwance bakin zanena, na sa Ɗan Tonawa a cikinta, na rufe, na ɗaure da ƙyalle. Ban ji ko ɗar ba. Wannan ne ke ba ni tsoro. Na fito na ci gaba da wanke-wanke har ina taya mata hira, kuma wallahi rabon da in ji sanyi a ƙirjina irin na ranar tun kafin bazarar nan.

Na tsara komai a kaina. Uwar ango za ta buɗe, za ta ja da baya. Yaya Rabi za ta ce sharri ne, ni ce. Ni kuma in ce a hankali, yadda na saba magana, Yaya, ai Ɗan Tonawa ne, abin wasanki, na mayar wa gidanku kayansa, ga lambar jikan Baba Sidi a kira shi a tambaya. Ko ta musa a kira tsoho ya ƙaryata ta, ko ta amsa kowa ya san ƙazafi ta yi mini. Ta kowace hanya ta faɗi.

Amma Balkisa fa? Nan ne tsarin nawa yake tsagewa. Na fi kowa sanin cewa bayani ba ya kamo labari in ya fita. Wata za ta fice daga ɗakin kafin in buɗe baki, kafin la'asar gari ya ɗauka an ga gunki a kayan amarya. Dangin ango ba za su zauna sauraron zancen sikeli da Gwanja ba. Ko ba a fasa ba, haka za ta shiga gidan da tabo, duk ciwon kan da mijinta ya yi a dubi kwallarta. Kuma yarinyar nan ita kaɗai ce a dangin ba ta guje mu ba. Lokacin da kowa ya ɗauke ƙafa, ita ke satar hanya daga Ganou ta zo ta zauna da Hadiza, ta sha kokona a gaban mutane, ta kawo yadi ta ce Hadiza ta ɗinka mata. Tanti take kirana, wato Anti. Ni na yi mata kitson farko. Shin in na ƙona ta don uwarta ta ji zafi, da me na fi uwar?

Sai wata zuciyar ta ce, ita uwar ta tsaya ta tuna ita ce ta yi wa Hadiza kitson farko?

Jiya da safe na yi salla, na ce yau zan cire shi. Na hau zem, wato acaba, na tafi Ganou tun ba a ɗora tukunya ba. A bakin ƙofa na haɗu da Balkisa, lalle a ƙafa, ta rungume ni ta miƙo mini leda, ta ce ankon Hadiza ne, ita ta saya da kanta, kuma in Hadiza ba ta zo ba ita ma ba za ta fito ba. Na karɓa ban iya kallon idonta ba. Na shige ɗakin kaya, na durƙusa gaban kwallar, na kwance ƙyallen, na ɗaga murfin. Yana nan kwance da lofensa a baki. Na miƙa hannu ke nan na ji muryar Yaya Rabi ta taga, tana ce wa wata ƙanwarta a sa ido a kaina, kada a bar ni ni kaɗai da kayan yarinya, kuma 'yata kada ta zauna kusa da amarya ranar kamu, ba a san abin da suke tafe da shi ba.

Na janye hannuna. Na mayar da murfin, na ɗaure ƙyallen, na ƙara masa ƙulli na biyu. Na ɗauki ledar ankon na fito na gaishe ta, na tambaye ta ko akwai sauran aiki.

Jibi ne jere. Ledar tana kan gadona, ban ba Hadiza ba tukuna. Har yanzu ni ke da damar shiga ɗakin nan kafin a kwashe kaya, kuma har yanzu ban san da wane hannu zan shiga ba. In cire shi in ci gaba da zama matsafiyar Albarika, ko in kai gaskiyata gaban dangi bayan biki inda na san da "a yi haƙuri" za a rufe ta, ko in bar kwallar a ɗaure ta yi magana da kanta? Don Allah ku da ba ku san ni ba, ba ku san ta ba, ku faɗa mini tun kwallar ba ta bar Ganou ba: ni yanzu me zan yi?